Saniyar da Ba Ta da Tozo

Bahaushe ya ce gani ya kori ji. Da wannan karin magana muke kashe gardama: tunda ka gani da idonka, zance ya ƙare. Amma wanda ya je duwatsun Birnin Kudu ya tsaya ya lura da masu kallo, zai fara shakkar maganar. A can, abin da mutum ya ji kafin ya iso shi ne ke jan idonsa kamar akala, ya nuna masa inda zai duba, ya kuma hana shi ganin abin da ke gabansa ƙuru-ƙuru.

Yawancinmu mun san Birnin Kudu da asibitin tarayya, ko da kwalejin gwamnati da Aliko Dangote ya yi karatu a cikinta, ko kuma a matsayin garin da motar Kano ke ratsawa in za ta gabas. Kaɗan ne suka san cewa a gefen garin akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen da suka zana hotuna a jikin dutse, a wuraren da wani dutsen ya yi wa wani rumfa har ruwan sama bai cika taɓa su ba. Jan launi ya fi yawa, akwai kuma fari. Abin da aka fi zanawa shanu ne. Gwamnatin tarayya ta sa wuraren cikin jerin kayan tarihi na ƙasa tun da daɗewa, kuma hukumar gidajen tarihi ce ke kula da su.

To, shanu. A ce wa yaro a Birnin Kudu ko a Gwaram ya zana saniya, abu na farko da zai ɗora mata bayan ƙaho shi ne tozo, domin irin shanun da ya buɗe ido ya gani ke nan: farar Bunaji, jan Rahaji, duk da tozonsu. Mafi yawan shanun da ke jikin dutsen kuwa gadon bayansu a miƙe yake. Babu tozo. Wasu dogayen jiki ne masu dogon ƙaho, wasu gajeru ne masu kauri da guntun ƙaho, kamar Muturun da har yau ake samu a kudancin ƙasar nan. Masana sun nuna cewa shanu masu tozo asalinsu yankin Indiya ne, kuma sun iso Afirka ta Yamma ne bayan marasa tozo sun daɗe a cikinta. Ashe rashin tozon nan shi ne babban labarin da dutsen ke bayarwa: mai zanen ya rayu da wani garke daban da namu. Amma mai kallon da ya zo da saniyar garinsu a ransa, yana ganin ƙaho da ƙafa huɗu zai ce "saniya ce," ya ɗauki hoto, ya wuce. Ko dai zuciyarsa ta cike masa tozon bai sani ba, ko kuma in ya lura ya ce mai zanen bai iya ba. Ta kowace hanya labarin ya suɓuce masa.

A shekarun 1950 ne Bernard Fagg, Baturen da ya kafa gidan tarihi na Jos a 1952, wanda kuma sunansa ya haɗu da binciken gumakan Nok, ya yi nazarin waɗannan zane-zane. Ya gabatar da bayaninsu a taron masana tarihin Afirka da aka yi a Livingstone, a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya, a 1955. Abin da ya fi jan hankalinmu a aikinsa shi ne abin da ya zo daga baya. An je ne don kallon zane, da ido aka je. Sai da aka sake komawa aka lura cewa kusa da zanen akwai duwatsun da gefensu ya lotsa ya yi santsi saboda yawan duka, kuma in an buga su da ƙaramin dutse suna ƙara kamar kuge. A 1956 Fagg ya buga maƙala a mujallar Man ta Landan a kan waɗannan duwatsu masu amo. Bayan fitarta sai rahotanni suka yi ta zuwa: ga irinsu a wasu sassan Najeriya, ga su a Yuganda, ga su a Sudan, har a Faransa da Birtaniya. Duwatsun suna nan tun fil azal, masana suna wuce su. Da aka raɗa musu suna, aka ce akwai irin wannan abu a duniya, sai ido ya buɗe ko'ina.

Kalmar da ke kan maƙalar tasa ita ce "ganowa," kuma nan ne za mu ɗan ja da shi. Wa ya lotsa gefen dutsen? Hannun mutanen wurin ne, tsara bayan tsara. Shi kansa Fagg ya rubuta cewa duwatsun suna da alaƙa da al'adun biki a garin. Ke nan abin da ya zama sabon labari a Landan, tsohon wasa ne a Birnin Kudu. Yaron da ke kiwon awaki a gindin dutsen ya san wane gefe ne ke da zaƙin murya, amma wataƙila bai taɓa ɗaga kai ya ƙirga shanun da ke samansa ba, domin a wurinsa wurin kiɗa ne da inuwa. Baƙon ya ƙirga shanun tas, bai ji kiɗan ba sai a karo na gaba. Kowannensu ya ga rabin wurin, kuma rabin da ya zo nema ne.

Ba mu ɗaukar wannan a matsayin laifin Fagg. Mutum ne mai lura, kuma lurarsa ce ta sa ya koma ya saurara. Inda matsalar take shi ne a kalmomin da zamaninsa ya ba shi. A rubuce-rubucen lokacin, saniya mai dogon ƙaho marar tozo sunanta saniyar Hamawa, wato ta zuriyar Hamu ɗan Annabi Nuhu. Sunan ba na banza ba ne. Yana tafe da wani ra'ayi da ya yi ƙarfi a Turai, wanda C. G. Seligman ya yaɗa a littafinsa na 1930 kan jinsunan Afirka: wai duk wani ci gaba da aka gani a ƙasar baƙar fata, wasu makiyaya masu hasken fata ne suka shigo da shi daga arewa maso gabas. Masana sun yi watsi da wannan ra'ayi tuntuni, amma ku duba yadda ya laɓe a cikin sunan saniya. Mai karanta rahoton bai riga ya ga dutsen ba, an riga an raɗa masa cewa abin daga waje ya zo.

Wanda yake ganin mun yi tsanani, ya dubi abin da ya faru a Namibiya a daidai wannan lokaci. A dutsen Brandberg akwai wani zane da wani Bajamushe mai safiyo, Reinhard Maack, ya kai labarinsa a 1918. Henri Breuil, limamin coci Bafaranshe wanda a lokacin ake ganin babu kamarsa a sanin zanen kogo, ya kalli hoton ya ga farar mace daga yankin Bahar Rum, har ya danganta ta da tsibirin Kirit. A 1955, shekarar da Fagg ke bayanin Birnin Kudu, Breuil ya fitar da littafi sukutum a kan wannan "farar baiwar Allah." Waɗanda suka zo daga baya suka kwafi zanen a tsanake sun nuna cewa namiji ne, ɗan ƙasar, da alama ya shafa farin launi ne a jikinsa don wata hidima. Ilimi bai kare Breuil ba. Ilimin ne ma ya cika masa kai da hotunan Bahar Rum, har ya gan su a Namibiya. Kuma har yau da sunan farar mace ake kai 'yan yawon buɗe ido wurin.

A Sifaniya kuma abin ya zo a juye. A 1879 wani mai gona, Marcelino Sanz de Sautuola, yana tonon ƙasan kogon Altamira yana neman kayan aikin mutanen da, 'yarsa ƙarama Mariya ta ɗaga kai ta ga dabbobi a rufin kogon. Uban ya san inda ake samun kayan tarihi, shi ya sa yake kallon ƙasa. Da ya sanar da duniya, manyan masana suka ƙi yarda, wasu ma suka ce jabu ne, don ba su zaci mutumin da zai iya zane mai kyau haka ba. Ya rasu a 1888 ba a wanke shi ba. Sai a 1902 Émile Cartailhac, ɗaya daga cikin masu musun, ya rubuta cewa ya janye.

Mu dawo gida, domin sukar Turawan da suka mutu ba ta da wuya. Mu da wane ido muke zuwa?

Da farko muna zuwa da sunan. Wanda aka ce masa za a kai shi Dutsen Mesa, tun a hanya ya fara duba ƙafarsa. Kowace jijiyar itace da ta ratsa tsagin dutse sai gabansa ya faɗi. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma mu tatsuniya ta sare mu tun muna yara: kogo gidan Dodo ne, dutse mazaunin iskoki ne, kada a je da tsakar rana, kada a je da almuru. Marubutanmu sun gaji wannan kai tsaye. A labaran da muke karantawa a waya, in jarumi ya shiga kogo mun san boka zai tarar ko aljani ko taskar zinariya. Da wuya ya tarar da abin da ke cikin kogon gaske na ƙasarmu, wato saniyar da wani ya zauna ya zana da jar ƙasa saboda tana da daraja a wurinsa. Akwai kuma mai zuwa da ƙyama, yana ganin duk abin da ya gabaci zamaninsa aikin jahiliyya ne da bai cancanci kallo ba. Shi ma bai ga saniyar ba, hukuncinsa ya gani.

Sai kuma mai zuwa da waya. Ya ga hotunan zanen kogo a intanet, jajaye wur, ga haske ga kyau, bai san cewa da yawansu an ƙara musu launi da kwamfuta don masu nazari su ga abin da ya dushe ba. Ya iso da rana tsaka, ko cikin hazon hunturu, ya tarar da wani ja-ja da ya koɗe a jikin dutse, sai ya ce, "Wai dama wannan ne?" Ya yi wa rogo kallon kitse tun daga gida, da ya ɗanɗana sai ya ji haushin rogon. Da zai zauna rabin awa idonsa ya saba da inuwar wurin, da ƙahonin sun fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Amma ba a saba ba hoto rabin awa ba a zamanin da yatsa ke ture shi cikin daƙiƙa biyu.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe suna gwada wannan. A 1947 Jerome Bruner da Cecile Goodman a Amurka suka sa yara 'yan shekara goma su daidaita wani da'irar haske da girman kwabban da aka nuna musu. Yaran suka riƙa ƙara wa kwabban girma, kuma 'ya'yan talakawa sun fi 'ya'yan masu hali ƙarawa. An yi ta gardama a kan wannan gwaji daga baya, wasu sun maimaita ba su sami daidai abin da aka samu ba, amma ƙofar da ya buɗe ba ta rufe ba: buƙata da tsoro da ɗoki suna shiga cikin gani tun kafin tunani ya iso. Bahaushe bai jira ɗakin gwaji ba ya ce so hana ganin laifi.

Gwaram ta ɗanɗana ɗaya gefen wannan. A watan Afrilun 2014 'yan bindiga suka kai hari garin, suka auka wa ofishin 'yan sanda, labarin ya cika rediyo. Ga mutumin nesa da bai taɓa jin sunan garin ba sai ranar, duwatsun yankin sun zama maɓoya, dajin ya zama abin tsoro, kuma haka zai riƙa kallonsu ta tagar mota shekara da shekaru. Ga manomin da ya tashi a wurin, dutsen nan alamar iyakar gonarsu ce, kuma wurin shanya amfani. Dutsen bai motsa ba ko taƙi.

A nan ne mutum kan so ya nannaɗe tabarmar da cewa, to, kowa da yadda yake gani, babu mai gaskiya babu mai kuskure. Ba mu yarda ba, kuma wannan ita ce gardamar da ta kawo mu. Saniyar Dutsen Habude ba ta da tozo ko ka so ko ka ƙi. Mutumin Brandberg namiji ne ko da Breuil ya rubuta littafi goma. Abin da ya gyara kuskuren a duk inda aka gyara shi, shi ne wani ya koma ya sake dubawa a hankali, ya kwafi layi bayan layi, ya faɗi abin da ke wurin kafin ya faɗi ma'anarsa. Sanin cewa zato na shiga ido dalili ne na ƙara dubawa. Wanda ya mai da shi hujjar daina dubawa, ragwanci ya saya da tsada.

Kuma wannan ragwancin ne ya addabi yadda muke sharhin littattafanmu, wanda shi ne ainihin sana'ar wannan mujalla. A shekarun 1990 aka yi wa ƙagaggun labaran da suka ɓarke a Kano laƙabi biyu: littattafan soyayya, da kuma Adabin Kasuwar Kano, sunan da Ibrahim Malumfashi ya yaɗa, wanda aka auna da adabin kasuwar Onica. An yi muhawara mai zafi a jaridu tsakaninsa da irin su Abdalla Uba Adamu, kuma muhawarar ta amfane mu. Amma laƙabi yana da halin sunan Dutsen Mesa: yana shiga gaban mai karatu. Ɗauki Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a 1990. Labarin Rabi ne, matar ɗan kasuwa mai 'ya'ya tara, wadda mijinta ke ƙuntata wa a cefane, ya auro wata, ya kore ta, ta koma sayar da abinci don ta riƙe yaranta. Akwai aure da neman aure a ciki, ta wajen 'yarta Saudatu, amma ƙashin bayan littafin kuɗin abinci ne da kuɗin makaranta da tambayar wa zai ɗauki nauyin yara in namiji ya juya baya. Wanda ya buɗe shi da kalmar "soyayya" a ransa zai yi ta neman wasiƙar masoya da kalaman zuma, ya ɗora wa littafin tozon da ba shi da shi, ya tsallake lissafin cefanen da marubuciyar ta zauna ta zana. Da aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012, wasu masu karatu na waje kuma suka zo da nasu zaton, suna neman muryar mace mai tawaye, sai ƙarshen labarin ya ba su mamaki, inda dangi suka matsa wa Rabi ta koma wa mijin da ya tsiyace. Littafin ya fi laƙabin gida da na waje ɗaci, ya kuma fi su gaskiya.

A 2007 aka ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a a Kano, gwamnan lokacin Malam Ibrahim Shekarau yana wurin, bisa hujjar cewa suna ɓata tarbiyyar 'yan mata. Ba mu raina tsoron iyaye ba, kuma ba mu ce duk abin da aka buga a lokacin mai kyau ne ba. Akwai shara da yawa, kamar yadda take a kowane adabi. Tambayarmu ɗaya ce: a cikin tulin da wuta ta ci, nawa aka karanta daga bango zuwa bango kafin a yanke musu hukunci, nawa kuma bangonsu da laƙabinsu kawai aka gani? Yau abin ya koma WhatsApp da Facebook. Ana yanko shafi ɗaya daga labari mai babi sittin, a tura shi da gargaɗi a samansa, mu karanta shi da fushin da aka riga aka ɗura mana. Ko kuma marubuciyar da muke so ta saki sabon babi, mu yi ta zuba yabo tun ba mu kai rabi ba.

Zanen dutse ma yana da irin tasa wutar, sai dai ita a hankali take ci. Ruwa da rana suna aikinsu, mai rubuta sunansa da gawayi yana nasa, kuma dutsen da jama'a suka ɗauka ba komai ba ne, mai fasa shi don gini ne kaɗai ke yi masa kuɗi, da tifa yake aunawa.

Akwai wani shinge kuma da taswira ta sa mana. A Shira, cikin Jihar Bauchi, akwai zanen dutse na shanu da mutane, har da shanu masu shayar da 'yan maruƙa. A Geji ma, can kusa da Bauchi, akwai. Ƙasar Gwaram, mai garin da ake kira Farin Dutse, tana tsakanin Birnin Kudu da Shira. Amma saboda an ƙirƙiri Jigawa a 1991 kuma kowace jiha tana tallan nata, mun saba cewa "zanen Jigawa" da "zanen Bauchi," kamar masu zanen sun san da shingen. Su kiwo suke bi da ruwa. Baƙo yakan sauka inda allon hukuma ya ce akwai tarihi, ya wuce inda babu allo bai ko rage gudu ba. Waɗanda suka san kowane loko na duwatsun Gwaram su ne makiyaya da mafarauta da mata masu itace, kuma su ne ba a cika tambaya ba.

Makiyayin ma shi ya fi cancanta a tsayar a gaban shanun Dutsen Habude. Mutumin da ke bambance saniya ɗari da lanƙwasar ƙaho da zanen fata, wanda ke hango mai ciki daga nesa, zai ga abin da mai digiri ba zai gani ba: wacce ce karsana, wanne ne bijimi, ko mai zanen wata saniya guda ya nufa wadda ya sani da sunanta. Shi ma da nasa zaton zai zo, kuma wataƙila abu na farko da zai tambaya shi ne ina tozon.